Gwanako a Patagoniya: a aske shi a sake, a harbe shi don nama, ko a killace shi?

Duk mai gandun tumaki a kudancin Ajantina ko Chile da gwanako, dabbar daji mai kama da ƙaramin raƙumi, suka yi yawa a filinsa, hanyoyi uku ne a gabansa idan yana son ya ci moriyar dabbar ba tare da ya saɓa doka ba. Ko ya koro garken cikin shinge ya aske gashin ya sake su, ko ya nemi izinin harbe wani adadi ya sayar da nama, ko kuma ya kama 'ya'yan ya rene su a killace kamar sauran dabbobin gida. Ra'ayinmu shi ne aski ya kamata ya zama zaɓin farko, harbi ya biyo baya da sharuɗɗa masu tsauri, killacewa kuwa sai wanda yake da kuɗin da ba ya jin zafin asararsu. Dalilin wannan jeri yana cikin yadda dabbar take haihuwa da yadda take mutuwa, don haka daga nan za a fara.

Gwanako ɗan uwan raƙumi ne, sai dai ba shi da tozo. Shi ne asalin lama da mutanen tsaunukan Andes suke kiwo. Babba yakan kai kilo 90 zuwa 140, gashin bayansa ja-ja ne mai ruwan ƙasa, cikinsa fari. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai tsakanin miliyan 30 zuwa 50 a Kudancin Amurka. Yau abin da ya rage bai wuce miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu da 'yan kai ba, fiye da kashi 80 cikin ɗari a Ajantina, yawancin saura a Chile. A Peru 'yan dubbai ne, a Boliviya da Paraguwai kuwa 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka. Tumaki ne suka kore su. An shigo da tumaki Patagoniya, wato yankin kudancin Ajantina da Chile, a ƙarshen ƙarni na 19, suka kai kusan miliyan 22 a shekarun 1950, aka kewaye filaye da waya, aka riƙa harbin gwanako don yana cin ciyawar da tunkiya za ta ci. Ga kuma cinikin fatar jarirai, waɗanda mutanen can suke kira chulengo, da ake ɗinka bargo da ita: a shekarun 1970 dubun-dubatar fatu ne suke fita daga Ajantina kowace shekara.

Lissafin haihuwa da mutuwa

Macen gwanako tana ɗaukar ciki kusan wata goma sha ɗaya da rabi, ta haifi ɗa ɗaya tak. Haihuwa tana zuwa ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin ɗumin ƙasar, kuma bayan mako biyu ko makamancin haka namiji yakan sake hawanta. Wato kusan duk shekara mace tana da ciki, tana kuma shayarwa. Ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara biyu zuwa uku. Dabbar da take haihuwa a haka ba ta iya cike gurbin asara da sauri, ko da ciyawa ta wadata.

A ɗauki misalin garke mai dabba 1,000, don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce 400 mata ne da suka isa haihuwa, 240 daga cikinsu suka haihu a shekarar. Idan rabin jariran suka tsallake hunturun farko, an samu ƙarin 120. Idan manya 60 suka mutu da tsufa, ko puma, babbar kyanwar dajin ƙasar, ta kama, ko suka maƙale a waya, ƙarin da garken ya samu 60 ne kacal, wato kashi 6 cikin ɗari. Wanda ya harbi 100 a wannan shekara, yana ganin kashi 10 ba wani abu ba ne, ya cinye riba ya shiga uwar kuɗi.

Kuma ba kowace shekara ce take zuwa da irin wannan lissafi ba. A gandun dajin Torres del Paine na Chile, inda puma take da yawa, adadin jariran da suke kai shekara guda ya riƙa sauyawa daga kusan kashi 30 zuwa sama da 80 daga shekara zuwa shekara. A Cabo Dos Bahías da ke lardin Chubut na Ajantina, hunturun shekarar 2000 ya kashe mafi yawan garken wurin, da yunwa da sanyi da tsutsar ciki. A gandun dajin San Guillermo na lardin San Juan, ƙazuwa ta ɓulla daga 2014, cikin 'yan shekaru ta kusa share gwanako da bikuña, ƙaramar 'yar uwarsa ta daji, baki ɗaya. Irin waɗannan shekaru ba sa yin sallama kafin su zo.

Wani abu da masu gandu ba su cika son ji ba shi ne gwanako yana taka wa kansa birki. Namiji ɗaya yakan riƙe yanki da mata 'yan kaɗan da 'ya'yansu, ya hana wani namiji shiga, ya kuma kori 'ya'yan idan sun haura shekara guda. Mazan da ba su samu yanki ba sai su haɗu garke-garke a gefe, a wuraren da ciyawa ba ta da kyau. Da wuri ya cika, haihuwa tana raguwa, mutuwar ƙanana tana ƙaruwa. An ga haka a San Pablo de Valdés, wani gandun daji a lardin Chubut, inda aka kwashe tumaki a 2005: gwanako suka ƙaru da sauri, sannan adadin ya tsaya, ciyawa kuma ba ta lalace ba. An ga alamar haka a ƙidayar shekaru sama da talatin da aka yi a yankin Cameron na tsibirin Tierra del Fuego, inda cunkoso ya fi komai tasiri wajen rage saurin ƙaruwar garken. Abin da wannan yake nufi ga mai harbi shi ne garken da ya cika filinsa ba ya ba da rara mai yawa, wanda aka rage ƙwarai shi ma ba ya bayarwa don iyaye mata sun yi kaɗan. Rarar ta fi yawa a tsakiya, kuma ga manyan dabbobi masu jinkirin haihuwa wannan tsakiyar tana sama da rabin abin da filin zai iya ɗauka.

Aski

Gashin gwanako na ƙarƙashi, wanda gashi mai kauri ya rufe, laushinsa yana kusa da na bikuña. Kaurin zare ɗaya yana tsakanin maikiron 14 zuwa 17 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali na bikuña 12 zuwa 14 ne, kuma kowace dabba tana ba da giram 300 zuwa 700. Dabarar tsohuwa ce a Andes, inda ake koro bikuña a aske tun zamanin daular Inka. Ajantina ta ɗora gwanako a kan wannan hanya bayan da aka dakatar da sayen kayan gwanakonta a duniya a 1993, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, har ta fitar da tsarin kula da shi na ƙasa a 2006. Misalin da aka fi sani shi ne ƙungiyar makiyaya ta Payún Matrú a gandun dajin La Payunia na lardin Mendoza, wadda aka kafa a 2005, take aski tare da masana daga hukumar bincike ta CONICET, daga baya kuma ta samu injin kaɗi don ta sayar da zare maimakon ɗanyen gashi.

Aikin yana farawa makonni kafin ranar. Ana lura da hanyar da garken yake gudu idan an firgita shi, a kafa shinge biyu masu kama da mazurari, bakinsu a buɗe da faɗi, suna matsewa har su ƙare a wani ɗan garka. Tsayin shingen ya haura mita biyu, domin gwanako yana tsallake wayar tumaki kamar ba ta nan. Kusa da ƙarshen ana rufe shingen da yadi mai duhu ko raga mai kauri, don dabba ta ga bango a gabanta, kada ta afka wa waya ta karya wuya. Ranar kora mahaya dawaki suna jeruwa kamar baka, suna tafiya a hankali daga nesa, sai an zo bakin mazurarin ake ƙara sauri. Babur da kare suna ɓata aiki. Dabbar da aka gudanar da ita da nisa cikin firgici, tsokarta tana lalacewa, ta tashi lafiya lau bayan aski, ta je ta mutu a daji bayan kwana biyu ko uku ba wanda ya gani.

A cikin garka ana raba su ƙanana-ƙananan rukuni don kada su tattake juna, a ware manyan maza masu faɗa, a fitar da ƙanana ba tare da an aske su ba. Mutum biyu ko uku suke kama dabba ɗaya. Abu na farko shi ne a rufe mata ido da hular yadi, nan take sai ta lafa. A ɗaure ƙafafu, a kwantar da ita a kan tebur ko katifa, a aske baya da haƙarƙari da injin lantarki, a bar wuya da ciki da ƙafafu. Ba a ja ta ta kunne ko wutsiya, ba a hayaniya. Mintuna kaɗan ya kamata aikin ya ɗauka, domin gwajin jini ya nuna wahalar dabbar tana ƙaruwa da tsawon lokacin da aka riƙe ta. Shi ya sa koro dabba 500 alhali masu aski ba za su iya gama 200 a yini ba kuskure ne, ko da idon mai gandu ya so ganin garkar a cike.

Lokaci ma yana da ƙa'ida. Ana yi kafin haihuwa, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, ko bayan haihuwa idan jarirai sun yi ƙwari. Kowanne da haɗarinsa. Idan an yi da wuri, sanyi da ruwan sama na iya kama dabbar da aka cire wa bargo. Idan an makara, mata masu tsohon ciki suna iya yin ɓari. Bayan haihuwa kuwa, jariri yana iya rabuwa da uwa a cikin turmutsutsu, kuma gashin ba zai tsiro sosai ba kafin hunturu.

Inda aski yake da rauni shi ne kuɗi. Dabba 300 a giram 400 kowacce kilo 120 ne na ɗanyen gashi, kuma sai an tsince gashi mai kauri daga mai laushi, abin da yake rage nauyin sosai. Masu saye kaɗan ne, yawanci masaƙun Turai, kuma sunan gwanako bai shiga kunnen masu sayen kayan tsada kamar na bikuña ba. An sha aske gashi a ajiye shi a buhu shekara da shekaru ana jiran farashi. Haka nan idan dabbobin sun warwatsu a fili mai faɗi, kuɗin mahaya da shinge yana cinye ribar. Garken da aka kora bana yakan gane mazurarin baɗi, sai an sauya masa wuri. Sannan aski ba ya rage bakin da yake cin ciyawa ko ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin kukan mai tumaki.

Harbi don nama

Chile ta riga maƙwabciyarta Ajantina fara wannan. A Tierra del Fuego babu puma, kuma bayan an hana farauta a shekarun 1970 gwanako suka ƙaru ninki-ba-ninki. Kamfanonin katako suka yi ƙorafin suna cinye tsiron itacen lenga a inda aka sare daji, sai hukumar noma da kiwo ta SAG ta fara ba da izinin harbe ƙayyadadden adadi tun farkon shekarun 2000. A Ajantina lardin Santa Cruz ne ya matsa. Majalisarsa ta nemi a ayyana gwanako a matsayin dabba mai ɓarna a 2012, aka yi gwajin harbi da sarrafa nama, a 2018 aka fitar da kusan tan 20 zuwa Beljiyam, a 2019 kuma aka sabunta tsarin ƙasa ya ba da damar cinikin nama.

Abin da harbi ya fi aski da shi a fili yake: yana rage dabbobi, kuɗi yana shigowa a shekarar, ba ya buƙatar shingen mazurari. Naman ja ne mara kitse. Gawar da aka feɗe tana kai rabin nauyin dabbar ko ɗan fiye, amma da an cire ƙashi da inda harsashi ya ɓata, abin sayarwa ya ragu ƙwarai. Dole a harba a kai ko wuya, a zubar da jini a cire kayan ciki nan take, a sa a motar sanyi a kai mayankar da hukuma ta amince da ita, wadda sau da yawa tana nesa da ɗaruruwan kilomita a kan hanyar tsakuwa. A mayanka kuma ga matsalar sarkosistis, ƙwayar cuta da take yin fararen ƙulli a tsoka, girmansu kamar ƙwayar shinkafa, musamman a wuya da haƙarƙari na manyan dabbobi. Dafawa sosai ko daskarewa na kashe ta, amma mai saye ba ya son ganinta, likitan dabbobi kuma yakan jefar da sashen da ta yi yawa. Kare ne yake yaɗa ta, don haka jefa wa karnukan gandu ɗanyen kayan ciki ƙara wa kai matsala ne.

Babbar tambaya ita ce nawa za a harba, kuma a nan ne tsare-tsare suke bambanta. Akwai mai cewa a yanke adadi ɗaya, misali 100 kowace shekara. Mayanka tana son wannan domin ta san abin da zai shigo mata. Shi ne kuma mafi haɗari. Koma kan garken nan mai 1,000: mugun hunturu ya kashe 300, saura 700, amma takardar izini tana nan a kan 100. Abin da yake kashi 10 ya zama sama da kashi 14, a daidai shekarar da jarirai ba su rayu ba. Shekara uku a haka, garken ya durƙushe. Tsari na biyu shi ne a ɗebi kaso, a ce kashi 5 na abin da aka ƙidaya a shekarar, ta yadda idan garke ya ragu, adadin harbi ma ya ragu da kansa. Na uku shi ne a sa iyaka, a ce ba a taɓa garken sai ya haura adadi kaza, kuma rarar da ke sama kaɗai ake ɗiba. Mu haɗin na biyu da na uku muke goyon baya: kaso kaɗan, kuma a dakata gaba ɗaya idan ƙidaya ta faɗi ƙasa da iyaka. Wannan yana nufin wata shekara mayanka za ta zauna ba aiki, kuma wanda ya ci bashi ya sayi motar sanyi shi ne zai fara zuwa ofishin hukuma yana roƙon a ɗaga ƙafa.

Duk wannan ya dogara da ƙidaya mai kyau, ita kuwa tana da wuya. Ana bin layi da mota ko jirgin sama, ana rubuta kowane rukuni da nisansa daga layin, sannan a lissafa yawan dabba a kowace murabba'in kilomita. Idan aka bi titi kaɗai lissafi yana karkacewa, domin a inda ake farauta suna guje wa titi, a wani wurin kuma suna taruwa a gefensa don ciyawar da tumaki ba sa kaiwa. Sakamakon ba lamba ɗaya ba ce, tazara ce, misali tsakanin 800 da 1,300. Kason harbi a kan 800 ya kamata a ɗora shi. Akwai kuma garkunan da suke ƙaura tsakanin wurin rani da na hunturu, kamar na La Payunia. Idan gandu uku suka ƙidaya garke ɗaya a watanni daban-daban, kowa ya karɓi izininsa, an harbi dabba ɗaya sau uku a takarda. Saboda irin wannan ƙaura ne aka sa gwanako a jerin dabbobi masu ƙaura da ake kiyayewa, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan dabbobi masu ƙaura da aka yi a birnin Samarkand a Fabrairun 2024.

Wanda za a harba shi ma abin dubawa ne. Mace ita ce mai cike gurbi, kuma duk watan da aka harbe ta, ko tana da ciki, ko tana da ɗan da zai mutu da yunwa, ko duka biyun. Namiji mai riƙe da yanki idan ya faɗi, iyalinsa suna watsewa har wani ya karɓe su. Mazan da suke garke a gefe su ne za a iya ɗiba da ƙaramar illa. Matsalar ita ce mace da namiji kamarsu ɗaya daga nesa, babu ƙaho babu bambancin girma, balle da dare da fitila. Maharbin da ake biya bisa yawan kai ba zai tsaya tantancewa ba. A biya shi da yini, a kuma rubuta jinsi da shekarun kowace gawa.

Sai a faɗa wa mai gandu gaskiya a kan ciyawa. Gwanako ɗaya yana cin abin da tunkiya ɗaya da rabi zuwa biyu za su ci, kuma abincinsu yana haɗuwa sosai. Amma tafin ƙafarsa mai laushi ne, ba ya farfasa ƙasa kamar kofato, kuma masana da dama a Patagoniya sun nuna cewa filaye da yawa sun riga sun ɗauki tumaki fiye da ƙarfinsu. Wanda ya harbe gwanako 100 ya zuba tumaki 200 a gurbinsu bai hutar da filin ba ko kaɗan.

Killacewa

An gwada wannan a lardin Río Negro da wasu wurare, yawancinsu ba su ɗore ba. Ana buƙatar shinge mai tsayin kusan mita biyu kewaye da fili mai faɗi, a kamo jarirai daga daji a shayar da su da bulumboti, wasu su mutu a hanya, a jira shekaru kafin garken ya kai yawan da askinsa zai biya kuɗi. Namijin da aka rena da hannu ba ya tsoron mutum idan ya girma, yana kai hari da ƙirji da cizo. Kuma gwanakon da ke cikin shinge bai ba kowa dalilin barin na daji ya rayu ba.

Wa ya dace da wanne

Ƙungiyar ƙananan makiyaya kusa da gandun daji, inda garken yake taruwa a lokaci sananne kuma akwai dawaki da hannaye, aski ne nata, da sharaɗin a samu mai saye kafin a kafa shinge, a kuma tsince gashin ko a kaɗa shi kafin sayarwa. Babban gandu a Santa Cruz ko Tierra del Fuego, mai garken da ba ya ƙaura, da ƙidayar shekaru a jere, da mayanka a kusa, yana iya harbi bisa kaso da iyaka, ya fi karkata ga mazan gefe. Yana ma iya haɗawa: ya aske iyalai a Oktoba, ya ɗebi maza a hunturu, amma ba a fili ɗaya ba, domin garken da ya san ƙarar bindiga ba ya bari mahayi ya kusance shi. A arewacin Ajantina, da Peru, da Boliviya, da Paraguwai, inda garkunan ƙanana ne kuma a yanke suke da juna, maganar harbi ba ta taso ba.

A Ajantina ikon namun daji yana hannun larduna, saboda haka izini da lokacin aiki sun bambanta daga Chubut zuwa Santa Cruz zuwa Mendoza, kuma fitar da gashi ko nama waje yana buƙatar takardar CITES, domin gwanako yana rukuni na biyu na yarjejeniyar, wato dabbobin da ba a cinikinsu sai da izini, tun 1978. Kowace hanya aka zaɓa, akwai gyara mai arha da ya kamata a yi tun kafin a nemi izini. Wayar sama ta shingen tumaki tana kama ƙafar gwanako idan ya yi tsalle, ya rataye har ya mutu, kuma 'yan shekara guda ne suka fi faɗawa. A sauke wayar sama ko a cire ta a wuraren da suke tsallakawa, sannan a riƙa zagaya shingen ana ƙirga gawarwaki, a cire adadinsu daga rarar da ake shirin ɗiba.